Kwana 17 na Cikin Ɓera, da Watannin da Mace ke Ɓoye Ciki

Har zuwa farkon shekarun 1980, abin da akasarin littattafan likitanci ke koyarwa shi ne homon ɗin tayirod na uwa, wato sinadarin da wata 'yar gaɓa a wuyanta ke ƙerawa ta zuba a jini, ba ya ƙetare mabiyiya. Ana cewa ɗan tayi da kansa yake ƙera nasa, kafin ya fara kuma ba ya bukatarsa. Maganar ta zauna daram, an ci jarrabawa da ita, an zama manyan likitoci da ita. Amma akwai abin da ta kasa warwarewa, wanda ba baƙo ba ne gare mu mazauna tudun Filato. A ƙauyukan da maƙoƙo ya yi yawa a wuyan mata, a nan ake haihuwar yara kurame, bebaye, ƙafafu a sandare, hankali bai cika ba. In babu ruwan ɗan tayi da tayirod ɗin uwarsa, me ya haɗa wuyan uwa da ƙwaƙwalwar ɗa?

Amsar wancan lokaci ita ce ƙarancin aidin, sinadarin da jiki ke samu daga abinci wanda da shi ake ƙera homon ɗin, shi ne ya shafe su duka biyu: uwa ba ta samu ba, ɗan tayi ma bai samu abin da zai ƙera nasa da shi ba. Da gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai inda ake so ba. Akwai jariran da ake haifa babu tayirod a wuyansu kwata-kwata, iyayensu mata kuma lafiya lau. Waɗannan in an gano su da wuri aka ɗora su a kan magani, sai su tashi su yi makaranta kamar kowa. Wanda kuwa aka haifa da nakasar nan a yankin maƙoƙo, ga tayirod ɗinsa a wuya, amma babu maganin da ke gyara abin da ya zo da shi. Marar gaɓar ya tsira, mai ita ya nakasa. A 1971 kuma aka buga sakamakon wani aiki da aka yi a kwarin Jimi na ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda aka yi wa mata allurar mai mai aidin. Allurar ta hana haihuwar irin waɗannan yara, 'yan ƙalilan ɗin da aka haifa duk da allurar kuwa, kusan dukkansu an riga an ɗauki cikinsu kafin a yi ta. Alamu duk sun nuna jinin uwa, sun kuma nuna farkon ciki.

Tayirod wata 'yar gaɓa ce mai ɓari biyu, tana kwance a gaban wuya, ƙasan zakaran wuya. Aikinta ta tsinto aidin daga jini ta ƙera homon iri biyu da shi. Na farko yana ɗauke da ƙwayar aidin huɗu, shi ake kira tayiroksin ko T4, kuma shi ta fi fitarwa nesa ba kusa ba. Na biyu yana da uku, T3 ke nan, ba shi da yawa amma shi ne mai aikin, shi ke shiga ƙwayar jiki ya sa ta girma ko ta tashi daga nan ta koma can. T4 kamar tsabar hatsi yake, T3 kuma gari. Jini yana zagayawa da hatsin, gaɓoɓi da dama kuma suna da nasu injin niƙa, wato wani sinadari da ke cire ƙwayar aidin ɗaya daga T4 ya mai da shi T3 gwargwadon bukatar wurin. Na ƙwaƙwalwa ana kiransa D2. Akwai ɗan uwansa D3, shi ma aidin ɗaya yake cirewa amma daga wani gefen, sai homon ɗin ya tashi daga aiki. Maƙoƙo kuwa kumburin wannan gaɓa ne, galibi in ta rasa aidin tana ta ƙara girma don ta kamo ɗan abin da ke cikin jini.

Ba a buɗe cikin mace don a auna abin da ke ƙwaƙwalwar ɗan tayi mai wata biyu, shi ya sa aka koma ga dabbobi. Da yawan ayyukan farko a kan tumaki aka yi su, domin ɗan tayin tunkiya babba ne, ana iya sa masa siririn bututu a jijiya yana cikin uwarsa a riƙa ɗibar jini. Abin da aka gani gaskiya ne, kusan babu abin da ke wucewa. Kuskuren shi ne ɗaukar hukuncin tunkiya a ɗora wa mace. Mabiyiyar tunkiya tana da shimfiɗu da yawa tsakanin jinin uwa da na ɗa. A wurin mace da ɓera kuwa, jinin uwa yana taɓa jikin mabiyiyar kai tsaye. Ta wannan fuska ɓera ya fi tunkiya kusa da mu.

Farin ɓeran da ake wannan aiki da shi, wanda ake kira Wista saboda cibiyar da ta fara kiwonsa a Filadelfiya ta Amurka a 1906, sanannen abu ne a nan. Ɗaliban kimiyya da yawa a Vom suke zuwa samo shi, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke can tun 1924. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kiwonsu ya san warin dusar katako da fitsari, ya san yadda suke miƙewa tsaye a jikin waya in sun ji motsi. Da yamma ake haɗa mace da namiji a keji ɗaya. Da sassafe a ɗebo ɗan ruwa daga gaban macen a shafa a gilashi a duba a madubin likita, in an ga maniyyi sai a rubuta kwanan wata a jikin kejin, daga nan ake fara ƙirga. Kwana 21 zuwa 22 za ta haihu, 'ya'ya goma ko kusa da haka, jajaye, babu gashi, ido a rufe, kowanne bai wuce giram 5 ko 6 ba. Tunda an san ranar da ciki ya shiga, ana iya cewa ga abin da ya faru rana ta 12, ga na rana ta 18. Aikin yana da nauyi a zuciya, domin ɓerayen nan sai an kashe su ake aunawa. Hakkinsu a kanmu ne kada a wahalar da su, kada a kashe fiye da bukata, kada kuma ilimin da aka samu da ransu ya tsaya a cikin mujallu.

Tayirod ɗin ɗan tayin ɓera tana fara tsirowa wajen tsakiyar ciki, ɗan kauri ne kawai a ƙasan inda harshe zai fito. Daga nan ta gangaro ta tsakiyar wuya har ta zauna a gaban maƙogwaro ta rabu biyu. A jikin mutum ma haka take gangarowa, shi ya sa wani yaron ake samun tasa ta maƙale a gindin harshe. Amma isowa mazauni ba shi ne fara aiki ba. Sai wajen rana ta 17 ƙwayoyinta suke jeruwa su zama 'yan jakunkuna masu tara ruwa mai kauri, su fara kama aidin, daidai lokacin da wata gaɓa da ke gindin ƙwaƙwalwa ta fara aiko musu da homon ɗin TSH mai sa su aiki. Tsakanin rana ta 17 da ta 18 ne homon na farko da ɗan tayi ya ƙera da kansa yake shiga jininsa. Ke nan cikin kwana 22, kwana 17 ba shi da abin kansa, kuma a cikinsu ne ake fara ginin ɓawon ƙwaƙwalwarsa.

Waɗanda suka dage sai sun duba waɗannan kwanaki su ne Gabriella Morreale de Escobar da mijinta Francisco Escobar del Rey, da abokiyar aikinsu María Jesús Obregón, a birnin Madrid na Sifaniya. Ita Morreale ba a ɗakin gwaji ta fara sanin matsalar ba. Tun tana ɗaliba a Granada ta yi aiki a kan maƙoƙon ƙauyukan tsaunin Alpujarra, ta nuna ƙarancin aidin ne sanadi. A 1984 suka buga abin da suka samu: akwai T4 da T3 a jikin ɗan tayin ɓera tun rana ta 10 zuwa 12, kusan mako guda kafin tasa gaɓar ta fara aiki. Shekara na zagayowa suka toshe ƙofar gardama. Suka cire wa ɓeraye mata tayirod kafin su ɗauki ciki, sai homon ɗin ya yi ƙasa warwas a jikin 'ya'yan, nauyinsu ya ragu, bai farfaɗo ba sai da tasu gaɓar ta kama aiki. Bayan ta kama aikin ma uwa ba ta janye hannu ba. A 1990 suka auna daf da haihuwa, suka ga kashi 17.5 cikin ɗari na T4 da ke jikin ɗan tayi, ban da wanda ke ajiye cikin tayirod ɗinsa, daga uwa ya zo.

To me ya sa aka daɗe ba a gani ba, har a ɓeran kansa? Abin da ke wucewa kaɗan ne ƙwarai, na'urorin da kuma ba su kai su gan shi ba. Mabiyiya cike take da D3, haka ma bangon mahaifar ɓera mai ciki, don haka mafi yawan T4 da ya doso daga uwa a nan yake mutuwa. Wanda ya tsallake ba zurarewa yake yi da kansa ba, akwai furotin na musamman a jikin ƙwayoyin mabiyiya masu ɗaukarsa su ƙetare da shi. Fitaccen cikinsu shi ne MCT8, wanda aka gano aikinsa a Rotadam ta ƙasar Holan a 2003. Sannan akwai lissafin da ya ruɗi mutane. A jinin babba, fiye da kashi 99 cikin ɗari na T4 a ɗaure yake jikin furotin, ɗan sakakken ne kaɗai ke shiga ƙwayoyin jiki. A ruwan da ke kewaye da ɗan tayi masu ɗaurewar ba su da yawa. Da aka auna a cikin mata a watannin farko, jimillar T4 na wannan ruwa ta gaza ta jinin uwa kusan sau ɗari, amma sakakken ya kai sulusin nata ko fiye. Wanda ya auna jimilla kaɗai zai rantse babu komai.

Gwajin da nake ganin ya kamata kowace ungozoma da kowane likitan mata su san shi, shi ne wanda Rosa Calvo da mutanen Madrid suka buga a 1990. Sun ba ɓeraye masu ciki maganin metimazol, wanda ke tsayar da tayirod ɗin uwa, ya kuma ƙetare mabiyiya ya tsayar da ta 'ya'yan. Uwa ba ta ƙerawa, ɗa ba ya ƙerawa. Sai suka dasa wa iyayen ɗan ƙaramin famfo a ƙarƙashin fata mai ɗiga magani dare da rana, wasu T4, wasu T3, a ma'auni daban-daban. Daf da haihuwa suka auna jini da gaɓoɓin 'ya'yan. Duka biyun sun ƙetare. A 'ya'yan waɗanda aka ba T3, ya hau a jini da sauran gaɓoɓi, amma ƙwaƙwalwa ta ci gaba da zama cikin rashi, ko da ma'aunin ya wadatar da uwa. A 'ya'yan waɗanda aka ba T4 kuwa, T3 na ƙwaƙwalwa ya koma daidai tun jininsu bai cika ba. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta karɓar gari daga waje, sai wanda ta niƙa da kanta. In T4 ya yi ƙasa sai ta ninka ƙarfin D2 ta tatse ɗan abin da ya iso, amma sai an kawo mata T4 ɗin tukuna.

Yanzu a dubi macen da ke zaune inda aidin ya yi ƙaranci. Jikinta yana da dabara. Tayirod ɗinta sai ta rage ƙera T4 mai cin aidin huɗu, ta karkata ga T3 mai cin uku wanda kuma ya fi ƙarfi. Dabarar tana yi mata aiki. Ba ta jin kasalar da ta wuce ta kowace mai ciki, tana zuwa gona, tana surfe, tana ɗora tukunya. In aka auna TSH, gwajin da aka fi yi in ana zargin tayirod, yana iya fitowa daidai. Amma T4 ɗinta ya faɗi, shi ne kuma wanda ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta take dogaro da shi. Dabarar da ta tserar da uwa ita ce ta bar ɗa a baya. Ga ciki da kansa yana ƙara nauyi, bukatar homon tana ƙaruwa da kusan rabi, ƙoda tana zubar da aidin a fitsari fiye da da. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa mai ciki da mai shayarwa maikurogiram 250 na aidin a rana, maimakon 150 na sauran manya.

Me rashin yake yi wa ƙwaƙwalwa? Ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa ba a inda za su zauna suke samuwa ba. Can ciki suke samuwa, kusa da kogon ruwan ƙwaƙwalwa, sai kowace ta bi wani siririn zare ta hau sama, ta wuce waɗanda suka riga ta, ta tsaya a sahunta. Sahu shida ne, kowanne da inda yake aika saƙo. A 2003 mutanen Madrid tare da Pere Berbel na Alikante suka ciyar da ɓeraye abinci marar aidin, T4 ɗinsu ya faɗi, T3 yana nan daidai. Suka yi wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar 'ya'yan alama tun suna ciki, sannan suka bi sawunsu bayan haihuwa. Da yawa ba su kai sahunsu ba, wasu sun tsaya a hanya. A ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɓera, kowane gashin baki yana da tasa 'yar da'ira a ɓawon, a jere reras, ana ganinsu a madubi. A waɗannan 'ya'ya da'irorin sun dusashe sun cakuɗe. A 2004 aka ƙara matse tambayar. Aka ba uwa metimazol na kwana uku kacal, daga rana ta 12 zuwa ta 15, sannan aka daina, jininta ya koma daidai. Kwana ukun nan sun isa. 'Ya'yan sun tashi da ƙwayoyi a wuraren da ba nasu ba, da yawansu kuma in aka kunna musu ƙara mai ƙarfi sai su kama gudu ba kan gado, wasu su faɗi da farfaɗiya. An ba wasu iyayen T4 cikin waɗannan kwanaki, 'ya'yansu suka kuɓuta. An ba wasu bayan kwanakin sun wuce, bai yi amfani ba.

A jikin mutum, tayirod tana isa mazauninta a mako na 7, ta fara kama aidin wajen mako na 10 zuwa 12, amma ba ta fitar da abin a-zo-a-gani sai mako na 18 zuwa 20. Rana ta 17 ta ɓera, kusan tsakiyar cikin mace ke nan. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jira, tun mako na 10 tana da wuraren da T3 ke kamawa ya yi aiki. A 1989 Vulsma da abokan aikinsa a Amsterdam sun auna jinin cibiyar jariran da ba sa iya ƙera homon ko kaɗan, suka samu T4 da ya kai sulusi zuwa rabin na lafiyayyen jariri. Babu inda zai fito sai daga uwa, shi ne kuma sirrin tsirar marar gaɓa. A 1999 aka bi 'ya'yan matan jihar Maine ta Amurka waɗanda tayirod ɗinsu ta gaza lokacin ciki ba a yi musu magani ba, aka ga a matsakaici sun gaza sa'o'insu da maki 7 a gwajin basira.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, wanda ya manta da haka zai maimaita kuskuren masu tunkiya. Ɗanye ake haihuwar ɓera, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai matsayin ta sabon jaririn mutum sai ya yi kamar kwana goma a duniya, don haka abubuwa da yawa na ƙarshen cikin mace, a ɓera bayan haihuwa suke faruwa. Yaron da aka haifa MCT8 ɗinsa a lalace yawanci ba ya tafiya ba ya magana, amma ƙananan ɓerayen gwaji da aka lalata wa shi da gangan suna yawonsu, domin suna da wani furotin da ke cike gurbin. Manyan gwaje-gwaje biyu a kan mata kuma ba su ba da abin da aka yi fata ba. Ɗaya a Birtaniya da Italiya, an buga shi a 2012, ɗaya a Amurka, a 2017. An gano masu ƙaramin raunin tayirod, an ba su T4, 'ya'yansu ba su fi na waɗanda ba a ba ba basira. Wasu suka ce ashe kambama maganar aka yi. Ni ban ga haka ba. A gwajin farko wajen mako na 13 aka fara maganin, a na biyu wajen mako na 17. Wanda ya san labarin kwana ukun nan ba zai yi mamaki ba. Wannan bai zama hujjar cewa farawa da wuri zai gyara komai ba, amma kuma bai wanke watannin farko daga zargi ba.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙasar dutse, nesa da teku, ruwan sama ya daɗe yana wanke aidin daga ƙasa. Acca da dankalin da aka noma a ƙasar da babu aidin, su ma ba su da shi. A shekarun 1980 da 1990 masu bincike na Jami'ar Jos sun yi ta auna maƙoƙo a yankin Bassa da Jengre, har da jinin iyaye mata da na jariransu. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, kuma an ga amfaninta, manyan maƙoƙon da ke wuyan kakanninmu da wuya ka gan su a wuyan 'yan matan yau. Amma ɓacewar maƙoƙo ba ta nuna T4 na mai ciki ya wadata. Tsaya wurin mai gishiri a kasuwar Farin Gada ka gani: an farke buhu an juye a daro, rana na dukansa, in hadari ya taso a ja leda a rufe, ana aunawa da gwangwani. Danshi da zafi suna cinye aidin a hankali, launi bai sauya ba, ɗanɗano bai sauya ba. Ga gishirin gargajiya irin na Awe da Keana, da manda, waɗanda ba su bi ta masana'anta ba. Ga rogon da bai jiƙu sosai ba, mai sakin sinadarin da ke gogayya da aidin wurin shiga tayirod. Gero ma an nuna a ɓeraye a 1989 cewa yana ɗauke da abin da ke rage aikinta, bayan an lura da yawan maƙoƙo a Darfur inda shi ne abinci. Ba cewa nake a daina shan fura da kunu ba. Inda aidin ya yi ƙaranci ne waɗannan suke ƙara dagula lamarin.

Babbar matsalarmu dai lokaci ne. Mace ta yi ɓatan wata ba ta faɗa wa kowa, musamman cikin fari, ga kunya ga tsoron baki. Sai ciki ya fito ya fara motsi sannan a yi maganar awo. Na ji wata ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Unguwar Rogo tana tambayar wata yarinya da surukarta ta rako, "Ƙanwata, wata nawa ke nan?" Yarinyar ta sunkuyar da kai, tsohuwar ce ta amsa, "Biyar zai shiga shida, Sista. Ai lafiyarta ƙalau, shi ya sa ba mu zo ba." Ungozomar ta ce, "To Inna, Allah ya raba lafiya, amma na gaba ku kawo min ita tun watan farko." Tsohuwar ba ƙarya ta yi ba, lafiyar yarinyar ƙalau. Sai dai wata biyar mako 20 ne da ɗoriya, duk lokacin da ɗan tayi yake rataye kacokan a kan T4 na uwarsa ya wuce kafin wani ya tambaye ta irin gishirin da ake girki da shi a gidan. Shi ya sa a ganina maganar aidin ta riga ɗakin awo. Ta 'yan mata ce tun suna Islamiyya da sakandare, ta masu gyaran amarya ce, ta maigidan da ke cefane ce, ya sayo gishirin leda a rufe mai aidin, a zuba a roba mai murfi nesa da murhu.

Kada kuma a ɗauka yawa ne alheri. Tun 1948 Wolff da Chaikoff suka nuna, su ma a ɓeraye, cewa in aka antaya wa tayirod aidin da yawa sai ta tsaya cak. Ta babba tana farfaɗowa cikin 'yan kwanaki, ta ɗan tayi ba ta iya haka sai wajen mako na 36. A Rotadam an bi dubban mata da 'ya'yansu, aka ga T4 da ya yi yawa a farkon ciki yana tafiya da raguwar basira kamar wanda ya yi kaɗan. Da dalili mabiyiya take tacewa. Ba a cewa mai ciki ta ƙara cin gishiri, balle mai hawan jini, ɗan wanda ake ci ne ake so ya zama mai aidin. Ba a kuma sayen ƙwayar tayiroksin a kemis a sha don yaro ya yi ƙwaƙwalwa. Wadda take kan maganin tun da, ita ce ya kamata ta ga likitanta da zarar ta tabbatar da ciki, domin galibi sai an ƙara mata kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Wadda tayirod ɗinta ke aiki fiye da kima tana shan maganin kabimazol ita ma ta ga likita, domin maganin yana ƙetarewa ya taɓa tayirod ɗin ɗan.

Saura jaririn da aka haifa babu gaɓar, ko da ita amma ba ta aiki, wanda akan samu ɗaya cikin haihuwa 2,000 zuwa 4,000. T4 na uwarsa ne ya tsare masa ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake fitowa kamar kowane jariri. Da an yanke cibiya tallafin ya yanke. A aunin Vulsma, abin da ya rage a jininsa yana raguwa da rabi duk bayan kamar kwana uku da rabi, ke nan ranar suna rubu'i ne ya saura. Alamomin ba sa tayar da hankali: yawan barci, ƙarancin kuka, tsotso ba ƙarfi, shawara ta ƙi wucewa, bayan gida sai an kwana biyu. Mata su ce wannan yaro akwai haƙuri. Kafin harshe ya yi kauri, cibiya ta kumburo, a gane ba haƙuri ba ne, an yi watanni, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. A Kebek ta Kanada tun 1974 ake soka dunduniyar jarirai a ɗiga jini a takarda a auna, Morreale ta fara irinsa a Madrid a 1976. A yawancin asibitocinmu har yanzu ba ya cikin abin da ake yi wa jariri, alhali na'urar auna TSH tana nan a manyan asibitocin Jos da Abuja, maganin kuma ƙwaya ce mai araha da ake murƙushewa a ɗan nono sau ɗaya a rana. Ana iya ɗibar jinin daga cibiya tun a ɗakin haihuwa. Wanda aka haifa a gida kuma a ɗiba ranar da aka kawo shi allurar BCG, a kuma ja kunnen iyaye su kawo shi da wuri, domin cikin mako biyun farko ake so a fara magani.